Autan Gida Ne Ke Tsara Tafiya: Kwana Uku da Ƙananan Yara a Filayen Wasa na Abuja

"Ai sai mun fanshe kuɗinmu." Babu maganar da ta kai wannan ɓata wa iyali yini a filin wasan yara. Maigida ya biya kuɗin mota, ya biya masauki, ya yanki tikitin shiga na mutum shida, don haka a lissafinsa ba mai fita sai an hau kowane lilo da ke wurin. Ƙarfe biyu ta gota, rana ta take, auta ɗan shekara uku ya wuce lokacin barcinsa, yayarsa tana matse da fitsari, uwar ta gaji da goyo, amma ana nan tsaye a layin motocin karo tunda an riga an biya. Daga nan sai kuka, sai tsawa, sai a kama hanyar gida kowa fuska a ɗaure, ana cewa yaran yanzu ba su da godiya.

Yaran ba su da laifi. Tafiyar ce aka yanka aka ɗinka da awon manya, aka ce ɗan shekara uku ya saka. Tsawonsa, cikinsa, barcinsa da abin da ke ba shi tsoro su ne ya kamata su yanke ranar da za a je, da lokacin shiga, da lokacin fita. Manya da yayye su biyo baya.

Abuja ta zama inda iyalai masu ɗan hali daga Kaduna, Zariya, Kano, Minna, Lafiya da Jos suke nufa idan an sami hutun Sallah ko na ƙarshen shekara. Kusan kowa yana da ɗan'uwa ko aboki a Kubwa, Gwarimpa, Lugbe ko Mararaba, ga kuma wuraren da yara ke so ba su da nisa da juna. Akwai Magicland, wanda aka buɗe a 2007 da sunan Wonderland, kuma har gobe wasu direbobin tasi da tsohon sunan suka fi saninsa. Yana gindin duwatsun Kukwaba, kusa da babban filin wasa na ƙasa mai sunan Moshood Abiola, ba nisa da ƙofar shiga birni ta hanyar filin jirgin sama. Akwai Millennium Park a Maitama, lambun da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe ranar 4 ga Disamba, 2003. Akwai filin wasan yara da gidan namun daji na ƙasa a Asokoro, a gindin dutsen Aso. Sai tafkin Jabi da katafaren kantin da ke bakinsa. Wanda ya jera su a takarda zai ga kamar yini ɗaya ya ishe su duka. Da ƙaramin yaro a hannu, wuri ɗaya a yini shi ne daidai, shi ɗin ma ba yinin duka ba.

Wace rana, ƙarfe nawa

Kwana uku ke nan: ranar zuwa, ranar wasa, ranar dawowa. Ta tsakiyar ita ce tafiyar, kuma zaɓenta ya fi zaɓen masauki muhimmanci. Al'adarmu ita ce a fita yawon Sallah ranar biyu ko uku ga Sallah, bayan la'asar, kowa cikin sabon ɗinki. To kowane gida haka ya shirya. A irin waɗannan ranakun, lilon da juyinsa bai wuce minti uku ba sai a yi masa layin da zai ci rabin awa ko fiye, banɗaki ya cika, mai sayar da ruwa ya ƙara kuɗi, ma'aikatan wurin su gaji su daina duba bel ɗin kowa. Haka abin yake ranar Kirsimeti, washegarinta, da ranar sabuwar shekara. Idan hutun makaranta ya ba da dama, a bar Sallah ta kwana huɗu ko biyar, a zaɓi ranar aiki, Talata ko Laraba.

Cunkoso ba ya jin kunyar kowa. Ranar da aka buɗe Disneyland a Anaheim ta jihar Kalifoniya, 17 ga Yuli, 1955, mutane sun shigo da tikitin jabu har taron ya kusan ninka waɗanda aka gayyata. Zafi ya sa sabuwar kwalta ta yi laushi tana riƙe tsinin takalman mata, famfunan ruwan sha ba sa kawowa saboda yajin aikin masu gyaran famfo, abinci ya ƙare a shaguna. Abin da ya kunyata Walt Disney a filinsa ba zai ƙyale wani manaja a Abuja ba.

Bayan rana sai lokaci. A nemi lambar wurin a kira a tambayi ƙarfe nawa suke buɗewa a wannan makon, kada a dogara da abin da aka gani a intanet, sau da yawa tsohon bayani ne. Da buɗe ƙofa a shiga. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗawa ne a watan Maris, lokacin da zafin Abuja ya fi tsanani, babbar kuma a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, lokacin da hadari ke tasowa da yamma. Safiya ce ke kuɓutar da iyali daga duka biyun. Da rana ta ɗaga, kujerar ƙarfe da abin zamiya suna iya ƙona cinyar yaro. Uwa ta taɓa da bayan hannunta kafin ta ɗora shi.

Azahar ta yi, a fita. Wannan shi ne abin da iyaye maza suka fi ƙi, kuma shi ne ke ceton yinin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana, ɗan uku zuwa huɗu kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana. Yaron da aka tasa da asuba, aka yi masa wanka aka jefa shi cikin hayaniya da kiɗa, kafin ƙarfe ɗaya ya gama ƙarewa, ko da ƙafarsa tana gudu. A koma masauki a yi sallah, a ci abinci, a kwanta. Idan yayye suna son ganin fitilun dare, wani babba ya mayar da su bayan la'asar, auta ya zauna. Shi ya sa tun a bakin ƙofa ya kamata a tambaya ko tikitin safe yana ba da damar fita a dawo.

Sandar awo

A bakin kowane lilo mai gudu a manyan filayen wasa na duniya akwai sanda ko allo mai layi. Yaron da kansa bai kai layin ba ba zai hau ba, ko ɗan wane ne. A Disneyland ta Paris, jirgin Big Thunder Mountain yana neman santimita 102, Hyperspace Mountain 120, na Indiana Jones kuwa 140. Ba a tambayar shekaru, domin ƙarfen da ke sauka a kan cinya da bel ɗin da ke riƙe kafaɗa an ƙera su ne don jiki mai wani girma. Yaron da bai cika kujerar ba, idan jirgin ya gangaro da gudu ko ya karkata, yana iya sulɓewa ta ƙarƙashin ƙarfen.

A ma'aunin girma na Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin yaro yana kai santimita 102 ko 103 ne a wajen shekara huɗu, 120 kuma sai wajen shekara bakwai. Yaranmu da yawa ba su kai wannan matsakaicin ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuma abin ya haura rabi. Saboda haka "ai ya shekara biyar" ba hujja ba ce. Tun a gida a jingina kowane yaro da bango, ba takalmi, a sa alama da fensir, a auna da tef ɗin tela. Sannan a gaya masa gaskiya: akwai abin da Yaya za ta hau kai ba za ka hau ba bana. Kukan da zai yi a falo ya fi sauƙi a kan wanda zai yi bayan ya bi layi ya kai bakin ƙofa an mayar da shi.

Masu halin fita waje su ne ma suka fi buƙatar wannan awon, don su ne ke biyan kuɗi mai yawa a kan abin da yaro ba zai hau ba. Wanda ya nufi Dubai da 'yan ƙanana, Legoland da aka buɗe a 2016 an gina ta ne musamman don 'yan shekara biyu zuwa goma sha biyu, kuma ta fi dacewa da su a kan wuraren da suka yi suna da lilon samari.

A nan gida matsalar ta wani fanni ce. Ba kowane lilo ke da allon awo ba, inda yake kuma, mai kula da shi saurayi ne mai ƙaramin albashi wanda babbar rigar Alhaji ke cika wa ido. "Haba samari, bar shi mana, ai zan riƙe shi." Wani ma ya haɗa da ɗan na goro. Wannan alfarmar ba abin nema ba ce. Hannun uba ba ya iya riƙe yaro idan na'ura ta fizge shi, shi kansa uban ƙarfe ne ke riƙe da shi. Idan mai kula ya ce a'a, aikinsa ya yi, a gode masa. Idan ya yarda da sauƙi, to wannan lilon ne abin gudu.

Tsawo kuma daban, zuciya daban. Wani yaron ya kai awo amma ƙarar injin kaɗai ta ishe shi firgita. A fara da mafi sanyi, dawakin da ke juyawa a hankali ko ƙaramin jirgin ƙasa, a bar shi ya tsaya ya kalli zagaye ɗaya tukuna. Idan ya ce ba ya so, shi ke nan. "Kai ba namiji ba ne?" ba ta taɓa cire wa yaro tsoro ba, sai dai ta sa ya hau yana makyarkyata ya sauko ya ƙi sauran duka. Haka mutanen nan da ke sa kayan zomo ko ɓera mai ƙaton kai: ga ɗan shekara takwas abin dariya ne, ga ɗan shekara biyu dodo ne ya fito da rana. Kada a tura shi jikinsu don hoto. Idan kuma ya kamu da son doki ɗaya ya ce sai ya maimaita sau biyar, a bar shi. Shi a wurinsa tafiyar ta biya.

Walt Disney ya sha ba da labarin cewa tunanin gina filinsa ya zo masa ne yana zaune a benci a Griffith Park ta Los Angeles, yana cin gyaɗa, 'ya'yansa mata biyu suna kan dawakin juyi, ya ga ya kamata a ce akwai wurin da uba da 'ya'ya za su yi wasa tare. Yau bencin na nan a kowane fili, sai dai waya ta maye gurbin gyaɗa. Uban da ya naɗe riga ya shiga motar karo da ɗansa ya ba shi abin da tikiti goma ba su ba shi ba.

Hanya da masauki

Ga mutanen Kaduna, jirgin ƙasa ya sauƙaƙa abin. Ya fara aiki a watan Yulin 2016, kilomita 186 ne daga Rigasa zuwa Idu, tafiyar awa biyu da ɗoriya. Ga yaro, jirgin kansa shi ne lilo na farko: ga taga, ga wurin miƙe ƙafa, ga banɗaki. Tikiti ta intanet ake saya, ana neman lambar NIN, kuma a lokacin bukukuwa nan da nan yake ƙarewa, don haka a nemi na zuwa da na dawowa da zarar an buɗe sayarwa. Jadawalin jirgin yana sauyawa, an ma taɓa dakatar da shi tun daga harin 28 ga Maris, 2022 har zuwa Disambar shekarar, saboda haka a tabbatar da lokacin tashi ana gobe tafiya. Wanda masaukinsa ke Kubwa ko Gwarimpa ya sauka a tashar Kubwa. Idu tana bayan gari, gara a shirya wanda zai zo ɗauka tun kafin a taso. A tsakiyar Abuja babu acaɓa babu Keke, kuma iyali da yara ba sa shiga tasin da aka tare a titi da fasinjoji a ciki. Labarin 'yan "wan cans", masu yi wa fasinja fashi a tasi, ba tatsuniya ba ne.

Mutumin Kano lissafinsa daban. Tsakaninsa da Abuja ya haura kilomita 400, a kan titin da aka fara sake ginawa tun 2018 aka daɗe ana fama. Da yara a mota, da tsayawar fitsari da ta sallah da ta abinci, yini ne sukutum zuwa, yini dawowa. A ganina, mai kwana uku kacal da jariri a goye ya haƙura da Abuja bana. Gidan zoo na Audu Bako da safiyar ranar aiki zai ba ɗan shekara uku farin cikin da bai gaza na Magicland ba, a kwana a gida. Mutanen Kaduna suna da Gamji Gate a bakin kogi, inda gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru take, na Jos kuma suna da gandun namun dajin da aka kafa a 1972. Abuja ba za ta gudu ba, a jira auta ya kai awo.

Wanda ya ce sai ya tuƙa, ya tashi bayan sallar asuba, yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu su zauna a baya kamar yadda hukumar kiyaye haɗurra ta tanada, ba a cinyar mai zaman gaba ba. Leda da kayan canji su kasance a jakar hannu, ba a but ba, don amai ba ya jiran a sami wurin fakin.

Sai masauki. Sauka a gidan ɗan'uwa yana rage kuɗi yana ƙara zumunci, amma yana cin safiya. Sai an gaisa, sai an jira kari wanda ba zai sauka ba sai hantsi, sai an leƙa gidan maƙwabcin da ya ji zuwan baƙi. Kafin a fita rana ta yi tsaka. Sannan ga yaran gidan: ba yadda za a yi a fita da naka a bar nasu suna leƙe ta taga. Iyalin mutum shida sai su zama goma sha ɗaya a bakin ƙofa. Wannan ba abin ƙi ba ne, abin sakawa a lissafi ne tun daga gida, na kuɗi da na manyan da za su kula. A gaya wa mai masauki tun daren cewa ƙarfe kaza za a fita, shayi da burodi sun wadatar. Wanda ya sauka a Mararaba ko Nyanya ya ƙara lissafin cunkoson safe na masu shiga birni aiki. Mai mata biyu kuwa ya san akwai lissafin da ya fi na kuɗi wuya. Ko a tafi da yaran ɗakunan duka, ko a sanar da ranar ɗaya ɗakin kafin a tashi.

Yammacin ranar zuwa ba na lilo ba ne. Idan da sauran ƙarfi, a shimfiɗa tabarma a ciyawar Millennium Park a bar yara su yi gudu su sauke gajiyar zama. Idan babu, a kwanta da wuri.

"Wane ne babanka?" "Abba."

Duk wanda ya saurari rediyo a Kano bayan Sallah ya san cigiya: an tsinci yaro ɗan kimanin shekara huɗu, sanye da shadda ruwan toka, ana neman iyayensa. Yaro ba ya ɓata don babu manya. Ya fi ɓata inda manya suka yi yawa, kowa yana zaton yana hannun wani. Uba ya tafi yankan tikiti yana ganin yana wurin uwa, uwa tana canza wa jariri famfas tana ganin ya bi uba. Maganin wannan shi ne a raba yaran da suna tun a mota: Gwaggo, ke ce da wance da wane; Baban yara, kai ne da wannan. Wanda zai matsa ko nan da can ya miƙa nasa hannu da hannu, ya faɗa da baki. A ƙirga su duk lokacin da aka sauka daga wani abu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. A gidajenmu da yawa ƙaramin yaro bai san sunan mahaifinsa na yanka ba. Uwa ba ta kiran sunan miji, sau da yawa ba ta kiran na ɗan fari, wanda aka yi wa kaka takwara kuma da Abba ko Baffa ko Ummi ake kiransa har ya girma. Mai gadi ya tsinci yaro ya tambaye shi sunan babansa, ya ce Abba; na mamarsa, ya ce Umma; unguwarsu, ya ce gidanmu. Ga shi a garin da ba lallai mai gadin ya ji Hausa ba. Mako guda kafin tafiya a mayar da abin wasa: cikakken sunansa, cikakken sunan uba, sunan garinsu. Ɗan shekara shida yana iya haddace lambar waya idan aka rera masa ita. Wanda bai kai ba, a rubuta lambar a takarda a sa masa a aljihu, a kuma rubuta da biro a damtsensa, don takarda tana faɗuwa. A bakin ƙofa a ɗauki kowane yaro hoto da kayan da ke jikinsa a ranar. Uwar da hankalinta ya tashi ba ta iya tuna launin rigar da ita da kanta ta saka masa.

A koya masa abu ɗaya: idan ba ka gan mu ba, tsaya inda kake, kada ka tafi nema. Idan zai yi magana da wani, ya nemi mai inifom ɗin wurin ko mace mai riƙe da yara.

Babba na uku yana da rana a irin wannan tafiya, ƙanwar uwa ko ƙanin uba, domin a sami mai zama da auta yayin da yayye ke kan abin da ya fi ƙarfinsa. A filayen Disney akwai tsarin da ke ba iyaye damar yin karɓa-karɓa, ɗaya ya hau ɗaya ya riƙe jariri, sannan su sauya ba tare da sake bin layi ba. A nan ma idan aka yi wa mai kula bayani da ladabi sau da yawa yakan yarda. Abin da ba shi da kyan gani shi ne a zo da 'yar aiki 'yar shekara goma sha biyu a ɗora mata goyo da jaka yini guda tana kallon sa'o'inta suna shillo. Ita ma yarinya ce, ba za ta iya tsaron yara uku a cikin taro ba. Idan an zo da ita, a yanka mata tikiti.

Kaya, ciki, aljihu

Kayan Sallah na hoto ne. Shadda mai sitaci, leshi mai ƙaiƙayi, sabon takalmin da bai saba da ƙafa ba, hular da za ta tashi a juyin farko, duk a bar su a masauki, ko a yi hoton da su a canza. Riga da wando marasa nauyi da takalmi mai rufe yatsu sun isa. Dogon hijabi da mayafi mai jela suna iya naɗewa a taya ko a sarƙar ƙananan motocin tsere, kuma wuya suke ja. Ga yarinya da uwarta duka, ɗan gajeren hijabi ko wanda aka cusa bakinsa cikin riga ya fi aminci. Anko na launi ɗaya mai haske yana taimaka wa ido a cikin taro. Zanin goyo kada a manta shi ko da yaron ya daina hawa baya, yau zai nema.

A tambaya ko ana barin shiga da abinci. Inda ake bari, dafaffen ƙwai, ayaba, dabino, cincin da soyayyen naman Sallah sun fi abin da za a saya da tsada a ciki. Kunun aya ba ya jure zafi, kafin azahar ya yi tsami. Ruwa kuwa a ɗauka fiye da yadda ake zato, a riƙa ba yara ba sai sun nema ba, don mai wasa ba ya tuna ƙishi. Askirim ɗin da ya narke aka sake daskarar da shi bayan an ɗauke wuta yana iya mayar da rana ta uku ranar gudawa. Idan ya canza siffa a cikin robarsa, a bar shi. Ƙullin ORS biyu a jaka ba su da nauyi. Cin mai nauyi kuma bayan lilo ne, ba kafinsa ba.

A yawancin filayenmu kuɗin shiga daban, kuɗin kowane lilo daban, kuma a nan ne aljihu ke yoyo, musamman a ɗakin wasannin kwamfuta inda minti biyu ke cinye kuɗin hawa guda. A yanke adadi tun a gida, a faɗa wa kowane yaro: hawa huɗu ne naka, ka zaɓa. Wanda ya tara goron Sallah a bar shi ya ƙara na biyar da kuɗinsa, za a ga yadda zai yi dogon tunani kafin ya zaɓa. A riƙe kati, a riƙe tsabar kuɗi, don "babu netwok" a gaban layi da yara huɗu ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Kafin a ɗora yaro

Minti uku na kallo ba asara ba ne. A tsaya a ga zagaye ɗaya: mai kula yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana jan ƙarfen, ko daga nesa yake danna maɓalli yana kallon waya? Akwai bel ɗin da aka ɗaure da waya ko igiya? Akwai tsatsa a inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe? Ba laifi ba ne a tambaye shi abin da ke faruwa idan wuta ta ɗauke ana sama. Na'ura tana karyewa ko a ƙasashen da suka fi mu kuɗi: a ƙarshen Yulin 2025 wani babban lilo ya karye gida biyu a Ɗa'ifa ta Saudiyya da mutane a kai, fiye da ashirin suka jikkata.

Abin da iyaye suka fi ɗauka marar haɗari, gidan tsallen nan da ake hura wa iska, shi ne ya fi buƙatar ido a farkon damina. A watan Disambar 2021 guguwa ta ɗaga irinsa sama a wata makarantar firamare a Tasmaniya ta Ostireliya, yara shida suka rasu. A Birtaniya ƙa'ida ita ce a dakatar da shi idan gudun iska ya kai kilomita 38 a awa. Hadarin Abuja na Afrilu da Mayu da iska yake fara sallama, kuma ba ya ba da dogon notis. A duba ko an kafe shi da turaku ta kowane gefe. Da an ga gabas ta yi baƙi, ganye ya fara tashi, a fito da yaro ko da yanzu ya shiga. Kuma kada a haɗa ɗan shekara uku da 'yan shekara goma a ciki, karon kai da kai a nan ake yin sa. A tafkin Jabi, idan za a shiga kwalekwale, rigar hana nutsewa ta zama daidai jikin yaro. Ta manya ficewa take ta kansa da zarar ya faɗa ruwa. Idan babu ƙarama, a kalli ruwan daga baki.

Rana ta uku gajeriya ce. Idan jirgin dawowa na rana ne, ana iya leƙa gidan namun daji na Asokoro da sassafe, lokacin da dabbobi ke motsi kafin zafi ya kwantar da su. Awa ɗaya da rabi ta isa, yatsu kuma nesa da kejin birai. Kaya a haɗa su tun dare, a bar kayan canji ɗaya a sama. Mai mota ya bar Abuja kafin azahar, ya yi ƙasarunsa a hanya, don kada magariba ta same shi da yara tsakanin Abuja da Kaduna. Kuma a lissafa ranar dawowa yadda za a sami kwana ɗaya cur a gida kafin a koma makaranta, domin gajiyar yaro sai washegari take fitowa.